Kalma da Salsalarta: “Charta”, Uwar Takarda

A wannan mako za mu yi nisan kiwo, mu ƙetare hamada da Bahar Rum, mu duba wata kalma ta Latin, watau harshen Rumawan dā, wadda su ma Rumawan a wurin Girkawa suka aro ta. Kalmar ita ce “charta”, ana furta ta “karta”. Kada mai karatu ya ce ina ruwan Bahaushe da kalmar harshen da ya daɗe da barin bakin jama'a. Abin da ke hannunsa yanzu yana karantawa da sunan wannan kalma yake kiransa, in ya yi haƙuri zai ga yadda aka yi.

Dalilin ɗauko ta kuwa shi ne gardamar nan da ba ta ƙarewa tsakanin masu kishin Hausa. Wasu na ganin duk kalmar da aka aro daga wani harshe tabo ce a jikin Hausa, a kankare ta a ƙirƙiro wata, hujjarsu ita ce kayan aro ba ya rufe katara. Wasu kuma sun saki baki, duk abin da suka ji a Turanci sai su cusa shi cikin magana ɗanye, ko taunawa ba su yi ba. Tarihin “charta” yana da abin da zai gaya wa ɓangarorin biyu, gama kalma ce da ta shekara fiye da 2,400 tana yawo daga baki zuwa baki, kuma duk harshen da ta sauka sai da ya sake mata kama.

DAGA BAKIN KOGIN NILU

Tun kafin a san takarda irin tamu, Misirawa na da wata ciyawar fadama da ke fitowa a bakin Kogin Nilu. Dangin aya da kajiji ce, amma takan yi tsawo har ta ninka mutum biyu. Larabawa na kiranta “bardi”, Turawa kuma “papyrus”. Har yau tana nan a Tafkin Chadi, inda Buduma suka saba ɗaure ta dami-dami su yi jirgin ruwa. Misirawa sukan fere ɓawon karanta, su yanyanka totuwar sala-sala, su jera wasu a miƙe wasu a gicciye, su danne, su shanya. In ya bushe sai a goge shi da hauren giwa ko ƙwanso ya yi santsi, a liƙa falle da falle, a naɗe kamar tabarma. Wannan naɗi shi Girkawa ke kira “khartes”.

Abin ba na kowa da kowa ba ne a lokacin. A birnin Atina, a shekarar 408 zuwa 407 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, masu kula da ginin wani ɗakin bauta mai suna Erechtheion sun sassaƙa lissafin kuɗin aikin a jikin dutse, kuma dutsen ya wanzu har zamaninmu. Cikin abubuwan da aka saya akwai “khartes” guda 2 don kwafe lissafi, a kan drachma 2 da obol 4. Obol 6 ke yin drachma 1, drachma 1 kuwa shi ne ladan magini na yini guda a wannan aiki. Ke nan naɗi ɗaya ya fi ƙarfin guminsa na ranar.

Rumawa sun ɗebi ilmi mai yawa a wurin Girkawa, suka haɗa da wannan kalma. Amma fa ba su bar ta yadda suka same ta ba, gyara uku suka yi mata. Na farko, suka cire wutsiyar “-es” ta Girkanci suka sa “-a” tasu. Na biyu, a Girkanci kalmar namiji ce, amma da yake a Latin galibin kalmomin da suka ƙare da “a” mata ne, kamar dai a Hausa, sai ta koma mace. Na uku, harafin farko a Girkanci “k” ne mai fita da iska, wanda malaman Rum ke rubutawa “ch”, amma talaka bai wahalar da kansa ba, “karta” kawai yake cewa, har ma a rubuta “carta”. Da ta zauna sai ta hayayyafa: “chartula” ƙaramar takarda, “chartarius” mai sayar da ita, daga baya kuma “chartularium”, kundin da ake tara takardu.

Wani malamin Rum, Pliny Babba, wanda ya mutu a shekarar 79 Miladiyya sa'ad da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, ya bayyana yadda ake yin ta a kashi na 13 na babban littafinsa kan halittu. Ya nuna cewa hawa-hawa ce. Mafi kyau ana kiranta da sunan Sarki Augustus, mai bi mata da sunan matarsa Livia, ta can ƙasa kuwa “emporitica” ce, watau ta 'yan kasuwa, ba ta rubutuwa, sai dai ƙunshe kaya. Ya kuma ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tiberius an yi ƙarancinta a Rum, har majalisar dattawa ta naɗa masu raba ta don kada al'amura su tsaya cik. Daular da ta mallaki duniyarta da mashi da takobi, ga ta nan ciyawar fadama ta kusa durƙusar da ita.

ABU YA CANJA, SUNA YA ZAUNA

Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma a shekarar 476, sannu a hankali ciyawar Masar ta riƙa wuyar samu a Turai. Marubuta suka koma ga jemammiyar fatar tumaki da awaki da maruƙa, suna kiranta “charta pergamena”, da sunan birnin Pergamon da ke ƙasar Turkiyya ta yau. Fadar sarakunan Faransa ta bar ciyawar Masar a ƙarshen ƙarni na 7, fadar Paparoma kuwa ta riƙe ta har ƙarni na 11. A wannan zamani ne kalmar ta sami sabon nauyi: duk wata rubutacciyar shaida ta kyautar gona, ko 'yanta bawa, ko haƙƙin da sarki ya ba wani gari, “charta” ake ce mata. Shi ya sa yarjejeniyar da manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita a Runnymede a watan Yuni na 1215 ake kiranta “Magna Carta”, watau babbar takarda, alhali kuwa a kan fatar dabba aka rubuta ta.

Sa'an nan takarda ta sosai ta iso. A ƙasar Sin aka ƙago ta, tarihinsu na danganta ta ga wani bafade mai suna Cai Lun a shekarar 105. Musulmi suka koyi sana'ar a Samarƙandi cikin ƙarni na 8, ta wuce Bagadaza, ta kai Andalus, inda Idrisi ya yabi takardar garin Shatiba a ƙarni na 12. A ƙarni na 13 garin Fabriano na Italiya ya shahara da yin ta daga tsummoki. Sabon abu ya zo, ana bukatar suna, kuma a nan ne 'ya'yan Latin suka rarrabu.

'YA'YAN UWA ƊAYA

Abin da muke nufi da 'ya'yan Latin shi ne harsunan da suka tsiro daga gare ta. Latin ba mutuwar farat ɗaya ta yi ba. Sojoji da 'yan kasuwa da manoma sun ci gaba da magana da ita a lardunan daular, kowane lardi da karin harshensa, kamar yadda Basakkwace da Bakano da Bazazzage ke da nasu. Da hanyoyi suka yanke, ƙarnuka suka shuɗe, sai karin harshe ya zama harshe mai zaman kansa. Manyansu biyar ne: Italiyanci, Sifaniyanci, harshen Fotugal, Faransanci da Romaniyanci. Dukansu sun gaji “charta”, amma kowa da abin da ya yi da gadonsa.

Mutanen Italiya, da yake su ke tsakar gidan Latin, su suka fi riƙe ma'anar farko. A wurinsu “carta” ita ce takardar kanta, ko an yi rubutu a kai ko ba a yi ba. Italiyanci kuwa harshe ne mai son ɗafa wa kalma wutsiya don nuna girma ko ƙanƙanta ko raini. Saboda haka “cartone” takarda ce mai kauri, watau kwali. “Cartolina” 'yar takardar gaisuwa mai hoto da ake aikawa ta gidan waya. “Cartella” jakar littattafan ɗan makaranta. “Cartello” allon sanarwa. “Cartaccia” takardar banza ta zubarwa. “Cartoccio” ƙunshin takarda irin na mai ƙosai. Harsashi ma “cartuccia” suke ce masa, domin a zamanin bindigar ɗuri a takarda ake ƙunshe albarushi da dalma, soja ya yage bakin ƙunshin da haƙori ya ɗura. Masu zane kuma, kafin su yi hoto a bango ko a saƙa shi a zane, sukan fara fitar da shi cikakke a kan “cartone”. Irin waɗanda Raphael ya zana a 1515 zuwa 1516, guda 7 suna nan ajiye a London.

A Sifaniya da Fotugal kuwa sunan ciyawar suka ba takarda, suka ce “papel”, daga “papyrus”. Sai “carta” ta koma wasiƙa. Mai rarraba wasiƙu “cartero” ne a Madrid, “carteiro” a Lisbon. Alabe, inda mutum ke adana takardunsa da kuɗinsa, “cartera” ne ko “carteira”, har muƙamin minista ma a Sifaniyanci “cartera” ne, saboda jakar takardun da aka damƙa masa. Ɗan littafin da yaro ke fara koyon baƙaƙe da shi “cartilla” ne ko “cartilha”. A harshen Fotugal akwai “cartório”, ofishin da ake rajistar haihuwa da aure da cinikin fili. Akwai kuma wata “carta” da ta shafi kakanninmu kai tsaye. A farkon ƙarni na 19 an kai Hausawa da yawa Bahia ta ƙasar Brazil a matsayin bayi. Bawan da ya fanshi kansa a can, ko ubangidansa ya 'yanta shi, sai an rubuta masa “carta de alforria” a yi mata rajista a “cartório”, in ba haka ba ana iya sake kama shi. Rabin wannan suna Latin ne, rabi kuwa Larabci, domin “alforria” ita ce “al-hurriyya”, watau 'yanci, wadda ta shiga harshen tun zamanin Andalus. Haka abin ya kasance har aka soke bauta a Brazil a 1888.

Labarin Faransanci ya fi sarƙaƙiya, domin sau uku kalmar ta shiga gidan. Akwai wata ƙa'ida a tarihin wannan harshe: “ka” ta Latin a farkon kalma takan rikiɗe ta zama “sha” ko “she”. “Cantare”, rera waƙa, ta zama “chanter”. “Campus”, fili, ya zama “champ”. “Caballus”, doki, ya zama “cheval”. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda “t” ke koma masa “c” a mota da motoci, sata da sace. Bisa wannan ƙa'ida “chartula” ta zama “chartre” a tsohon Faransanci, daga baya aka tsaya a kan “charte”, ana furta ta “shart”. Ita ce ta gado, kuma ita ke ɗauke da ma'ana mai nauyi. Tsarin mulkin da Sarki Louis na 18 ya ba Faransa a 1814 “Charte” ne. Makarantar da aka kafa a Paris a 1821 don koyar da karanta tsofaffin takardu sunanta “École des chartes”. Yarjejeniyar da ta kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a San Francisco ran 26 ga Yuni 1945, “Charte” ce a Faransanci, a Sifaniyanci kuwa “Carta”, kalma ɗaya da wasiƙar da uwa ke aika wa ɗanta.

Shiga ta biyu a ƙarshen ƙarni na 14 ne. A wajen 1370 wasan karta ya shigo Turai daga Masar ta zamanin Mamluk, ya bazu kamar wutar daji. Faransawa suka sake ɗauko kalmar, amma da yake zamanin rikiɗar “ka” zuwa “sha” ya riga ya wuce, sai ta zauna a “carte”. Ita ce ta yau da kullum: kartar wasa, taswirar ƙasa, jerin abincin da ke gidan cin abinci, da katin shaida da ɗan sandan Nijar ke tambaya a shinge. In Bafaranshe ya ce an ba wane “carte blanche”, farar takarda, yana nufin an ba shi wuƙa da nama. Shiga ta uku kuma a ƙarni na 16 ne, lokacin da Faransa ke kwaikwayon Italiya a zane da gini da yaƙi, ta kwaso “carton” da “cartel” da “cartouche”. Wannan ta ƙarshe tana nufin harsashi, tana kuma nufin zoben ado da ake kewaye rubutu da shi. Da irin zoben nan Misirawan dā ke kewaye sunayen sarakunansu, kuma ta kan sunayen da ke cikin “cartouche” ne Champollion ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'auna a 1822. Takardar kanta kuwa “papier” suke ce mata.

Saura Romaniya, can gabashin Turai, ƙasar da Sarki Trajan ya ci da yaƙi a shekarar 106. Su sun rabu da sauran 'yan uwansu da wuri, suka zauna tsakanin Slabawa da Hungariyawa da Girkawa da Turkawa. A wurinsu “carte” littafi ne. In suka ce mutum ya san “carte”, nufinsu ya yi karatu. Suna da karin magana, “ai carte, ai parte”, ma'ana mai “carte” shi ke da rabo. A dā takardar shaidar gona ake nufi, yanzu kuwa yara ake gaya wa don su dage da makaranta. Abin sha'awa, takarda a wurinsu “hârtie” ce, wadda ita ma daga tushen nan na Girkanci take, amma ta bakin Slabawa ta iso. Taswira “hartă” ce, daga Girkanci na baya. Yarjejeniya kuma “cartă”, aron zamani daga malaman yamma. Kalma huɗu ke nan a harshe ɗaya, kowace da ƙofar da ta shigo.

To, mai karatu ya duba. In matafiyi ya nemi wannan abu a Rum za a miƙo masa farar takarda, a Madrid da Lisbon wasiƙa, a Paris taswira ko kati, a Bucharest littafi. Kowace al'umma ta ja kalmar zuwa ga abin da ta fi yi da takarda, kuma babu wanda ke ce musu aro suka yi.

HANYAR HAMADA

Yanzu sai mu juyo gida. Larabawa ma sun karɓi kalmar Girkawa tun kafin Musulunci, ta zama “ƙirɗas”, jam'inta “ƙaraɗis”. Duka biyun suna cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am, aya ta 7 da ta 91. Daga Larabci ta shiga Swahili a matsayin “karatasi”, ta kuma koma Sifaniya a matsayin “alcartaz”, ƙunshin takarda, inda ta tarar da 'yar uwarta “carta” zaune. Amma takardarmu ba ta wannan hanya ta biyo ba.

Rumawa sun mallaki Arewacin Afirka fiye da shekara 500, tun daga rushe birnin Kartaj a shekarar 146 kafin haihuwar Annabi Isa. Latin ce harshen kotu da bariki da majami'a a can. Ɗaya daga cikin sarakunan Rum, Septimius Severus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, haifaffen Leptis Magna ne, gabas da Tarabulus, kuma a ƙarni na 3 akwai sansanin sojan Rum a Gadamas, garin nan da fatakensa suka yi unguwa a Kano daga baya. Mutanen ƙasar, ƙabilun Berber, waɗanda Abzinawa reshe ne daga cikinsu, sun ɗebi kalmomin Latin da dama. Har yau a harshen Abzinawa zunubi “abekkad” ne, daga “peccatum”, inda “t” ta Latin ta koma wata “d” mai kauri irin ta Larabci. Haka ta faru ga “carta”. Da yake kalmar mace ce, su kuma alamar mace a harshensu “ta” ce a farkon kalma, sai ta zama “takarde”.

Ayarin Abzinawa ya kawo ta ƙasar Hausa tare da gishirin Bilma da dabino. Bahaushe bai san cewa “ta” ɗin nan alama ce kurum ba, sai ya haɗiye kalmar ɗungum, ya ce takarda. Haka ya yi wa takobi, daga “takoba” ta Abzinawa, da tawada, wadda wasu ke kira tadawa, daga “dawat” ta Larabci bayan ta sami “ta” a bakin Berber. Haka kuma ya yi wa “al” ta Larabci a allo da alƙali da albasa.

Kayan ma da kansa ya bi sawun sunan. A ƙarni na 19 mafi yawan takardar da malaman Sakkwato da Kano da Barno ke rubutu a kai daga arewa maso gabashin Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus da Masar. In aka ɗaga ta a haske akan ga tambarin jinjirin wata uku, wanda Italiyawa ke kira “tre lune”. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ambace ta cikin kayan da ake shigowa da su kasuwa. Wanda ya yi ta a Italiya “carta” yake ce mata, malamin da ya kwafi Ishriniya a kanta a Kano takarda yake ce mata, babu wanda ya san kalma ɗaya suke faɗi.

Daga Hausa ta gangara kudu, Bayarabe na cewa “takada”. A gaɓar teku kuma, Turawan Fotugal da suka gina ganuwar Elmina a 1482 sun bar wa mutanen Akan tasu “carta”, ta zama “krataa”. Saboda haka a Kumasi, in Bahaushen zango ya ce takarda, maƙwabcinsa mutumin Asante ya ce “krataa”, to 'yan uwa biyu ne suka haɗu, ɗaya ta hau raƙumi, ɗaya ta hau jirgin ruwa.

TA SAKE DAWOWA

Ba a nan ta tsaya ba. Karta da ake caca da ita “carta” ce ta Italiya da Sifaniya, ko harafi ba a sauya mata ba, haka ma Larabawan Magrib ke faɗinta. Kati, na zaɓe ko na asibiti ko na ɗaurin aure, daga Ingilishi muka samu, su kuma daga “carte” ta Faransa. Katan na sabulu ko na madara “cartone” ne na Italiya, ya bi ta Faransa da Ingila. Katun da yara ke kallo a talabijin shi ma “cartone” ɗin masu zane ne: a 1843 mujallar Punch ta London ta kira zanenta na ba'a da wannan suna, sunan ya bi shi. Shatar mota kuwa daga “chartre” take. A tsakiyar zamanin Turai, in ɗan kasuwa ya ɗauki hayar jirgin ruwa, akan rubuta yarjejeniyar sau biyu a falle ɗaya, a tsaga, kowa ya riƙe rabi, ranar gardama a haɗa a gani. Ana kiran wannan “charta partita”, rababbiyar takarda. Ingilishi ya mai da ita sunan hayar abin hawa gaba ɗaya, direbobin tasha suka ce shata. Sau shida ke nan kalma guda ta shigo Hausa.

Sai dai a kiyaye, kama da wane ba wane ba ne. Karatu ba shi da dangantaka da “carta”, daga “ƙara'a” ta Larabci yake. Shata ta shata iyaka ma dabam ce da shata ta tasha. Bin salsalar kalma yana bukatar sanin ƙa'idar sauyin sauti da hanyar da mutane suka bi, amon kunne kaɗai ba ya isa.

ABIN LURA

Ga masu son a tsarkake Hausa daga baƙin kalmomi, tambayarmu ita ce: in an kori takarda da tawada da allo, a kan me za a rubuta dokar korar? Harshen da ba ya aro shi ne wanda masu shi ba su zuwa kasuwa, ba su karɓar baƙi, ba su koyon sabon abu. Latin da ake taƙama da ita aro ta yi, 'ya'yanta kuma suka ari na juna ba kunya.

Ga masu cusa Turanci ɗanye kuwa, su dubi yadda magabata suka yi nasu aron. Rumawa sun sauya wa kalmar wutsiya da jinsi, Faransawa sun sauya mata baki, Abzinawa sun sa mata rawani, Hausawa kuma suka yi mata jam'i, takardu, suka ba ta aiki a takardar kuɗi da takardar shaida da takardar sammaci, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta. Wannan shi ne ma'auni. Kalmar da ta karɓi jam'in Hausa da karin sautin Hausa, ake rubuta ta da ƙa'idar Hausa, mutumin ƙauye ya gane ta, ta zama 'yar gida. Wadda aka jefa tsakiyar jimla don burga, alhali Hausa na da tata, ita ce kayan aron da ba ya rufe katara.

Saboda haka shawararmu ga masu fassara a gidajen rediyo da jaridu da majalisu ita ce, in sabon abu ya zo a fara lalube a gida, a tambayi Sakkwato da Katsina da Damagaram, a tambayi maƙera da masaƙa da mahauta, sau da yawa kalmar na nan an manta da ita ne. In an rasa, a ara ba tare da jin nauyi ba, amma a sassaƙe ta ta dace da bakin jama'a kafin a sake ta.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abokin tafiyar takarda, watau alƙalami, wanda shi ma in aka bi sawunsa a ƙasar Girka za a kwana.